Lacca Kan Cimar Ƙananan Mata Masu Juna Biyu a Karkarar Ƙasar Hausa

Maudu'in wannan lacca shi ne cimar yarinyar da ta ɗauki ciki tun ba ta cika shekara 20 ba, musamman wadda ke zaune a ƙauyukan arewacin Najeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar, inda aurar da 'ya mace da wuri ya zama ruwan dare, kuma yawancin gidaje ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa duk wanda ke tsakanin shekara 10 da 19 a matsayin mai tasowa, wato wanda jikinsa bai gama ginuwa ba, kuma a ƙiyasinta na 2019 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suna ɗaukar ciki kimanin miliyan 21 a kowace shekara, waɗanda kimanin miliyan 12 daga cikinsu kan kai ga haihuwa. Ƙasar Hausa tana da kaso mai nauyi a wannan lissafi. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan matan da ke wannan shekaru sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari, sai dai adadin ya kai kashi 27 a karkara alhali a birane kashi 8 ne, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma ya kusa kashi 29. A Nijar kuwa kimanin kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda abin ya fi yawa.

Abin da ya raba cikin yarinya da cikin babbar mace shi ne cewa ita yarinyar tana kan girma. A shekarun balaga ne ɗan Adam ke samun kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa, da kusan rabin nauyin da zai riƙe idan ya girma, da kusan rabin ƙarfin ƙashinsa, kuma wannan aiki ba ya tsayawa don yarinya ta fara al'ada. Ƙashin ƙugu, wanda ta cikinsa jariri ke bi ya fito, yana ci gaba da faɗi har shekaru bayan tsawo ya kusa tsayawa. A wurin yarinyar da ta tashi cikin ƙarancin abinci kuwa girman gaba ɗaya yakan yi jinkiri, har ta kai shekara 17 ko 18 jikinta yana biyan bashin ƙuruciya. Saboda haka idan ciki ya shiga a wannan tsakani, abincin da ta ci sai ya rabu tsakanin jiki biyu masu girma, kuma idan bai isa ba dole ɗaya ya tauye, galibi ma duka biyun.

Ƙasar Hausa ta ba duniya ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi kan wannan batu. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere, aka buga sakamakon a 1985, kuma ya nuna cewa haɗarin mutuwa wajen haihuwa ya fi tsananta a kan ƙananan 'yan mata masu cikin fari da matan da ba su taɓa zuwa awo ba. A wani reshe na aikin an riƙa auna tsawon ƙananan masu cikin fari tun daga farkon awo har bayan haihuwa, sai aka ga da yawa daga cikinsu sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, kuma ƙarin ya fi bayyana a wurin waɗanda aka haɗa wa maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini. A karkarar Bangaladash kuwa, inda aka yi wani bincike shekaru da yawa bayan haka, an ga akasin haka: 'yan matan da suka yi ciki suka shayar cikin ƙarancin abinci tsawonsu ya tsaya cik, kitse da tsokar jikinsu suka zube, alhali tsararrakinsu da ba su yi ciki ba suna ci gaba da girma. Idan aka haɗa binciken biyu, abin da ke fitowa shi ne cewa girman yarinya mai ciki yana iya ci gaba kuma yana iya yankewa, kuma abin da ke shiga cikinta da cututtukan da aka kare ta daga gare su suna da babban hannu wajen yanke hukuncin.

Buƙatun mai ciki sanannu ne, kuma an auna su. Ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda ake aunawa da ma'aunin kalori, ba ya buƙatar ƙari sosai a wata uku na farko, amma a wata uku na tsakiya ana buƙatar ƙarin kimanin kalori 340 a rana, a wata uku na ƙarshe kuma kimanin 450, wato kusan ƙarin cin abinci sau ɗaya mai ɗan nauyi a kan abin da aka saba. Macen da ta shiga ciki da madaidaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin haihuwa, ramammiya kuma kilo 12 da rabi zuwa 18. Furotin, wanda shi ne sinadarin gina tsoka da jini da mabiyiya, ana samunsa a wake da waken suya da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama. Kalsiyam shi ne sinadarin gina ƙashi da haƙori, kuma mai tasowa tana buƙatar kimanin miligiram 1,300 a rana, adadin da yake da wuya a cimma ba tare da nono ko ganyaye irin su kuka da zogale ko ƙananan kifin da ake ci har da ƙashi ba. Aidin kuwa, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo ga uwa kuma ya dakushe ƙwaƙwalwar jariri, ana samunsa a gishirin da aka sarrafa da shi, kuma tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta zuba shi a gishirin ci.

Sinadarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne ƙarfe, wanda likitoci ke kira ayon. Da shi jiki ke haɗa hemogulobin, wato jan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa sauran gaɓoɓi. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi don ya wadaci mahaifa da mabiyiya da ɗan tayi, kuma ciki ɗaya yana cinye kimanin miligiram 1,000 na ƙarfe daga farkonsa zuwa ƙarshe, ga jinin da za a zubar ranar haihuwa. Idan awon hemogulobin ya gaza giram 11 a kowane desilita na jini, an ce mai ciki tana da ƙarancin jini, kuma binciken 2018 ya sami wannan matsala a jikin kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Najeriya. Yarinyar da ta shiga ɗakin miji tana da ƙarancin jini tun daga gidan iyayenta, saboda girma da jinin al'ada sun riga sun cinye ɗan abin da ta tara, ita ce za a gani a wata na bakwai da farin ido da farin tafin hannu, tana haki idan ta ɗauki tulu, tana jiri idan ta miƙe daga bakin murhu. Kwaɗayin farar ƙasa ko ƙasar jikin gini da ake gani wurin wasu masu ciki sau da yawa alama ce ta wannan rashi, kuma cin ƙasar yana ƙara dagula al'amarin, domin yana iya hana hanji tsotse ƙarfen kuma yana shigar da ƙwan tsutsar ciki. Hatsarin ƙarshe yana zuwa ne ranar haihuwa, saboda zubar jinin da mace mai wadataccen jini za ta jure, ita wannan yana iya kai ta kushewa kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti.

Daga nan sai a dubi abin da ke cikin ƙwaryar yarinyar a zahiri. A yawancin gidajen karkara karin kumallo koko ne ko ɗumamen tuwon jiya, da rana fura ce idan an samu ko kuma haƙuri, da dare kuma tuwon gero ko dawa ko masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da ɗan daddawa da barkono, nama kuwa sai ranar kasuwa ko ranar buki. Ba daidai ba ne a raina wannan cima, domin gero hatsi ne mai daraja wanda ya fi farar shinkafa ƙarfe da furotin nesa ba kusa ba, garin kuka yana da kalsiyam, daddawar kalwa kuma tana da furotin. Illarta ita ce maimaici da rashin haɗi. Gero da dawa da wake suna ɗauke da wani sinadari da ake kira fayitet, wanda ke ɗaure ƙarfe da zink a cikin hanji ya hana jiki amfana da mafi yawansu, don haka mutum yana iya cin tuwo ya ƙoshi kullum jininsa yana ƙasa. Abin ban sha'awa shi ne cewa dabarun rage wannan sinadari tsofaffi ne a hannun matan Hausawa, ko da ba da wannan niyya suke yinsu ba: jiƙa hatsi ya kwana, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, tsirar da gero ko dawa, da ruɓar da kalwa ta zama daddawa, duk suna karya fayitet. Haka kuma bitamin C, wanda ake samu a garin 'ya'yan kuka da goba da lemo da mangwaro da tumatir da ɗanyen ganye, yana taimaka wa hanji ya tsotse ƙarfen hatsi idan an ci su tare, ɗan nama ko kifi a miya ma yana yin wannan aiki. Shayi kuwa akasin haka yake yi idan an sha shi a kan abinci, kuma yawan kanwa a girki yana lalata wasu daga cikin bitamin na rukunin B.

Ƙauyen Hausa bai rasa abin da yarinyar ke buƙata ba. Akwai zogale da rama da yakuwa da alayyafo da tafasa da lalo da yaɗiya, waɗanda idan aka yi kwaɗonsu da ƙuli-ƙuli sun haɗa ganye da furotin da mai a kwano ɗaya. Akwai wake da ɗanwake da awara da kunun gyaɗa da riɗi. Akwai kabewa da gwanda da manja da dankalin Hausa mai jan ciki, masu ba da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Akwai ƙwan zabi da damina, da fara bayan kaka, da kindirmo a rugar da ke bayan gari. Hanta tana da ƙarfe sosai, sai dai yawan bitamin A da ke cikinta ya sa ake so mai ciki ta tsaya a ɗan kaɗan jefi-jefi, musamman a watannin farko. Masu binciken noma ma sun sa hannu, domin a 2018 an fitar da wani irin gero mai suna Chakti a Nijar, wanda cibiyar ICRISAT da abokan aikinta suka inganta don ya fi geron da aka saba yawan ƙarfe, kuma shi ne irinsa na farko da aka saki a Afirka. Abin da ke faruwa dai shi ne mafi kyawun abin da gida ya samar kasuwa yake tafiya, domin ƙwai da kaza da wake da gyaɗa su ne kuɗin magi da sabulu da taki da biyan bashi, kuma babu mai adalcin da zai zargi talaka don ya sayar da ƙwai ya sayi tiyar masara da za ta ciyar da mutum takwas.

Amma talauci kaɗai bai bayyana komai ba, domin a gida ɗaya, daga tukunya ɗaya, wani yana samun tsoka wani yana samun romo. A nan ne matsayin yarinyar a gidan miji ke shigowa, kuma a ra'ayin wannan lacca nan ne gundarin matsalar yake. Amarya 'yar shekara 15 ko 16 da aka kai babban gida ba ita ke riƙe da rumbu ba, ba ita ke auna hatsin da za a daka ba, kuma sau da yawa ba ita ke rabon tuwo ba; maigida ne ke fitar da awo da kuɗin cefane, uwar miji ko uwargida ce ke da ta cewa a kan tukunya. A al'adar gidaje da yawa kwanon maza ake fara fitarwa, sannan na tsofaffi da yara, kuma tarbiyyar da aka yi wa yarinya ta koya mata cewa neman ƙari kwaɗayi ne, kwaɗayi kuma abin kunya ne ga amarya a gaban surukai. Babbar mace mai 'ya'ya huɗu tana da sana'arta ta cikin gida, tana soya ƙosai ko tana yin ƙuli-ƙuli, tana da akuyarta da adashinta, tana iya aiken yaro ya sayo mata fura ko tsire. Ita kuwa sabuwar amarya ba ta da jari, ba ta da ɗan aike, ba ta da bakin magana. Duk wani shiri na wayar da kai da ya tara irin waɗannan 'yan mata ya karanta musu jerin abinci masu gina jiki, sannan ya sallame su su koma gidan da ba su da iko da ludayi, ya yi wa wanda ba shi da hukunci wa'azi ne.

Kunyar cikin fari tana ƙara wa al'amarin nauyi. Yarinya ba ta faɗin tana da ciki, ba a tambayarta a fili, takan ɓoye laulayi da amai har sai ciki ya fito ya tona kansa, saboda haka watannin farko, waɗanda a cikinsu ake ƙera gaɓoɓin jariri, sukan wuce ba tare da wani ya canza mata ko loma ɗaya ba. Wannan yana da muhimmanci musamman game da folik asid, wani bitamin na rukunin B da ake samu a ganyaye da wake, domin bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da ita kanta uwar ba ta tabbatar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12, amma yarinyar ƙauye da sai da izinin miji da kuɗin mota da 'yar rakiya za ta fita, ba kasafai take zuwa awo kafin wata na biyar ko na shida ba, idan ma ta zo.

Akwai kuma tsoron da ke sa a rage wa mai ciki abinci da gangan, kuma bai kamata a yi masa dariya ba, domin waɗanda ke riƙe da shi sun ga abin da suka gani. Tsofaffin mata sun sha ganin yarinya ta kwana biyu ko uku tana naƙuda kan ɗa ya kasa wucewa, ɗan ya mutu, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, wato hujewar mafitsara sakamakon daɗewar kan jariri yana danne da ita, cutar da ta cika cibiyoyi irin su Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinki. Daga nan suka yanke cewa ƙaramin ɗa ya fi sauƙin haihuwa, sai a hana mai ciki abin maiƙo da ƙwai a wasu wurare, a hana ta rake da zuma da sauran kayan zaƙi don gudun abin da ake kira zaƙi, wanda aka yi imani yana tare hanyar haihuwa, a ɗora ta kan jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Amsar wannan tsoro ta fito daga wani bincike da aka yi a ƙauyuka 28 na karkarar Gambiya aka buga a 1997, inda aka riƙa ba masu ciki wani biskit na gyaɗa mai ɗauke da kimanin kalori 1,000 a kowace rana tun daga tsakiyar ciki. Nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136 a matsakaici, da kimanin giram 200 a lokacin yunwar damina, haihuwar gawa da mutuwar sabbin jarirai sun ragu sosai, amma kewayen kan jariran bai ƙaru da abin da ya wuce 'yan milimita ba. Yunwa ba ta buɗe ƙugun da bai gama girma ba. Abin da take yi shi ne ta haifar da jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, ko bakwaini, ta bar uwar ba ƙarfin yunƙuri. Maganin doguwar naƙuda shi ne a haihu inda akwai ƙwararriyar ungozoma da hanyar kai wa ga tiyata cikin gaggawa.

Darasin Gambiya game da damina ya dace da ƙasar Hausa ƙwarai. Daga watan Yuni zuwa Agusta rumbu yana ƙasa, hatsi yana tsada, aikin gona yana kan ganiyarsa, kuma a ƙauyukan da mata ke fita gona ko ɗebo ruwa da itace daga nesa, mai ciki tana ƙona ƙarfin da ba ta mayarwa. Ko wadda ke cikin kulle ma daka da surfe da niƙa suna jiranta. A daidai wannan lokaci sauro ke yawaita, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta a kan mai cikin fari, saboda ƙwayoyin cutar suna taruwa a mabiyiya su rage abincin da ke isa ga ɗan tayi, su kuma farfasa jinin uwar. Shi ya sa ba a raba maganar abinci da maganar gidan sauro mai magani, da ƙwayar rigakafin da aka fi sani da Fansidar, wadda ake sha aƙalla sau 3 daga wata na huɗu da tazarar wata guda tsakani, da maganin tsutsar ciki sau ɗaya bayan wata uku na farko.

Game da ƙwayoyin ƙarin jini, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum har ta haihu, a wuraren da cimar mutane ke da ƙarancin kalsiyam kuma a ƙara mata giram 1.5 zuwa 2 na kalsiyam don rage hatsarin hawan jinin ciki da jijjiga, cutar da ta fi kama ƙananan masu cikin fari. Akwai kuma ƙwaya mai haɗe da sinadarai 15, wadda hukumar ta shigar cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Ƙwayoyin suna da araha, amma da yawa daga cikin 'yan matan sukan daina sha bayan 'yan kwanaki saboda tashin zuciya da taurin bayan gida da baƙin launinsa, ko saboda an ce musu suna ƙara girman ɗa, alhali bayanin minti biyu daga ma'aikaciyar awo, cewa baƙin bayan gida ba cuta ba ne kuma ana iya shan ƙwayar da dare bayan tuwo, da ya wadatar. Dangane da azumin Ramadan kuwa, malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun bayyana cewa mai cikin da ta ji tsoron cutuwar abin da ke cikinta tana da damar ta sha azumi ta rama daga baya. Matsalar ita ce ƙaramar amarya takan ji nauyin a gan ta tana ci da rana, sai idan miji ko uwar miji ne suka umarce ta.

Wani abin lura shi ne cewa al'adar Hausa ba ta rasa tsarin ciyar da mai haihuwa ba, lokacinsa ne ya makara. Da zarar mace ta sauka, miji ya san wajibinsa ne ya kawo kayan ƙauri da itacen wanka da kayan yaji, ana gasa wa maijego nama, ana dama mata kunu, ana yanka ragon suna a rana ta bakwai, ana ɗinka sababbin kaya, kuma mutumin da ya kasa waɗannan yakan sha gori a gari. Wasu ɓangarorin jegon ma suna da illa, domin tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa da suka gani a Zariya da yawan shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. To amma asalin tunanin, cewa jikin da ya haihu yana da haƙƙin a gina shi, tunani ne ingantacce, kuma abin da ake buƙata shi ne a jawo shi baya zuwa watannin da ake gina jaririn. Kuɗin ƙafafun saniya na ƙauri da turmin atamfa ɗaya, idan aka rarraba su kan wata biyar na ƙarshen ciki, za su sayi ƙwai da nono da wake da busasshen kifi masu yawa. Goyon ciki ma, wato al'adar mayar da mai cikin fari gidan iyayenta wajen wata na bakwai, dama ce da ma'aikatan lafiya ba su cika amfani da ita ba, domin a gaban mahaifiyarta yarinya tana iya cewa ba ta ƙoshi ba.

Ba za a rufe ido ga tushen al'amarin ba, wato shekarun da ake ɗaukar cikin farko. Binciken 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 44 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da ba su yi makarantar boko ba sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari, alhali a cikin waɗanda suka wuce sakandare abin bai fi kashi 1 ba, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Yarinyar da aka haifa ƙarama ta tashi tsumburarriya ita ce gobe za ta shiga ɗaki da ƙaramin ƙugu ta haifi wani ƙaramin. Kowace shekara da aka ƙara kafin cikin fari, da tazarar da aka bayar kafin na biyu, riba ce ga ƙashi da jinin uwa. Sai dai muhawarar shekarun aure doguwa ce, kuma dubban 'yan matan da ke ɗauke da ciki a daminar bana ba za su jira a kammala ta ba.

Saboda haka kiran yana kan waɗanda rumbu da tukunya ke hannunsu. A jihar Damagaram an gwada tara magidanta a abin da aka kira makarantar mazaje tun wajen 2007, tare da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, don su tattauna lafiyar matansu su kuma ja hankalin 'yan'uwansu, kuma babu abin da zai hana majalisun ƙofar gida da masallatan ƙauyuka su ɗauki irin wannan aiki, tunda ciyar da mace wajibi ne da shari'a ta ɗora wa miji gwargwadon buƙatarta da ƙarfinsa. Ana roƙon limamai su ambaci haƙƙin mai ciki a huɗuba kamar yadda suke ambaton haƙƙin maraya, ana roƙon ma'aikatan awo su riƙa kiran miji da uwar miji su zauna a yi bayanin a gabansu, su auna damtsen yarinya da jininta tun zuwan farko. Maigidan da ke da ƙaramar mata mai ciki kuwa, abin da ake nema gare shi bai fi ƙarfin talaka ba: ya ware mudun wake da na gyaɗa tun kaka kada su tafi kasuwa, ya bar mata ƙwan kajin gida, ya ce a ƙara mata cin abinci sau ɗaya a rana da bakinsa don kada kunya ta hana ta, ya ɗauke mata daka da tulu a watannin ƙarshe, kuma ya kai ta awo kafin ciki ya cika wata uku.